Sun Canza Mana Ɗan Guguwa

Lahadi, 3 ga Maris 1985, ƙarfe bakwai na safe

Sun canza Ɗan Guguwa. Na bari sai da gari ya waye na rubuta, don kada in ce zafin ran jiya ne. Na kwana na tashi, raina yana nan a ɓace.

Shekara huɗu ke nan kowace Asabar bayan magariba ina tsayawa a gefen tele, talabijin ɗin unguwarmu, ina juya wa mutane Faransancin wasan nan zuwa Hausa. Ba wanda ya naɗa ni. Ni ne mushen lakwal, wato malamin makaranta, da gidansa ya fi kusa da dandali, kuma Allah ya ba ni murya. Sunan jarumin na Turawa ya ƙi zama a bakin kowa, shi ya sa muka raɗa masa namu. Da rana mai gyaran agogo ne, siriri, mai in'ina. In aka zalunci wani sai ya ɗaure fuska da koren ƙyalle, ya juya sau uku, iska ta ɗauke shi bisa soraye. Ba ya surutu. Wani makon kalma goma zai faɗa, ni in zuba masa gishiri.

Jiya sai ga shi da wuya kamar turmi. Na rantse laifin anten ne. Na sa Rissa ya hau soron dandali ya riƙa juya sandar. Rissa shi ke kula mana da batir da anten. Buzu ne daga wajen Takanamat, yana gyaran rediyo a kasuwa, shekara tara muna shan shayi a rumfarsa.

"Rissa, juya gabas!"

"Na juya, Mushe."

"Hancin ga ba nashi ba na. Ƙara!"

Daga fara wasa har ƙarewa yana can sama. Jama'a na fuskantar tele, soron yana bayansu, ni mai fassara ina fuskantar jama'a, don haka ni kaɗai nake ganinsa, da shuɗin rawaninsa, hannu biyu a sama. Da ya sauko kafaɗunsa na rawa. Ya ce, "Mushe, anten hoto yaka gyarawa, ba shi gyara mutum."

Wani ɗan wasa suka kawo. Ko sallama ba su yi mana ba.

Talata, 5 ga Maris, bayan azahar

Rumfar Rissa a rufe. Rediyona na ciki.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Masu kaki sun zo da mota da hantsi. Mutum shida suka ɗauka a bayan kasuwar dabbobi, har da shi. Ana cewa wani abu ya faru a hanyar arewa ranar Asabar bayan magariba. Ba zan rubuta abin da ake cewa ba, takarda ba ta da amana. Duk waɗanda aka ɗauka sun taɓa tsallaka iyaka neman aiki. Shi ma ya yi shekara biyu a can, kowa ya sani, da akwatin kayan gyara ya dawo.

Asabar bayan magariba.

Kuskure ne. Gobe za su sake shi.

Laraba, 6 ga Maris, da safe

Kadidiya matar Rissa ta zo gidanmu. Ta gaida matata Saratu, ta gaishe ni, ta karɓi taɓarya ta taya Saratu dakan jar dawar taimako. Dawar nan sai an yi mata da gaske kafin ta saki. Ba ta ce komai a kansa ba. Ni ma ban ce ba, ina gaggawar lakwal.

Asabar, 9 ga Maris, ƙarfe takwas na yamma

Sabon ya buɗe bakinsa. Ƙyallen yanzu ido kawai ya rufe, haƙora a waje, yana ta murmushi kamar mai tallar sabulu. Ya bar gyaran agogo. Sun ba shi biro, wato ofis, da teburi da wayar tarho. In'inar ma ta warke ba tare da an gaya mana wane boka ya yi aikin ba.

Ba mai riƙe sanda, hoton ya yi ta yayyafi. Baba Alƙasum, tsohon mahaucin da ba ya fashin Asabar, ya ce, "To ga ruwan bana, cikin tele yaz zuba." Mutane suka yi dariya. Ni ban yi ba. Idona ya yi ta zuwa kan soron.

Litinin, 11 ga Maris, hutun ƙarfe goma

Baba Alƙasum ya tare ni a ƙofar lakwal. Ɗan ƙanensa ne ke dafa abinci a gidan da ake tsare da su. Ya ce an saki biyu, don an samu waɗanda suka je suka ce suna tare da su a daren. Sauran huɗun, in ba wanda ya tsaya musu, ranar Alhamis ɗin ƙarshen wata, ashirin da takwas, mota za ta kai su nesa. Bai san ina ba. Ya ce inda ake kai mutane ba a faɗin sunansa.

Na ce, "Baba, ai mutum sittin na wurin."

"Mu baya munka ba shi, Mushe. Mu dai mun ji kana ihu. Su kau ido suka so, ba kunne ba. Kuma kai kas san Hwaransanci."

Na ce zan duba. Aka buga ƙararrawa, na ji daɗin jin ta, Allah ya yafe mini.

Litinin, da yamma

Kwana goma sha bakwai. Akwai lokaci.

Talata, 12 ga Maris, bayan la'asar

Dirakte, shugaban lakwal, ya tara mu. Bai ambaci kowa ba. Ya ce bana shekarar riƙe baki ce, ma'aikaci aikinsa alli da allo. Ya tuna mana da wani mushe da ya sa baki a wata magana bara, yanzu ba aiki, yana sayar da goro a tasha. Ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ni ya kalla, ko ni na ga kamar ni ya kalla.

Baki goma sha ɗaya ke ci a gidana. Inna da ƙannena sun taso daga Bambay tun da gero ya ƙone a tsaye. Saratu na da ciki wata bakwai. Wannan ba uzuri ba ne, lissafin abin da ke akwai ne.

Abin da ya fi ci mini rai da sabon Ɗan Guguwa shi ne tafiyarsa. Tsohon a gefen bango yake bi, kansa ƙasa. Wannan ƙirji yake turowa gaba. Wanda ya rubuta wasan bai taɓa kallonsa ba, na tabbata.

Alhamis, 14 ga Maris, azahar

Na bi ta gidan da ake tsare da su a keke. Ba da niyya ba, hanyar gidan likita ce, zan karɓo wa Saratu magani. Wasu mutane na turo ganga ta ruwa a bakin ƙofa, mai bindiga na biye da su. Kawunansu a buɗe. Ban gane kowa ba.

Alhamis, bayan la'asar

Rana ce ta yi yawa. Ba a ganin komai da kyau da irin wannan rana.

Juma'a, 15 ga Maris, da safe

Kadidiya ta zo. Kullum tana zuwa. Ta daka, ta sheƙe, ta sha ruwa, ta tafi kafin azahar. Saratu ta ba ta tsaki a ƙwarya, ta ƙi karɓa sai da Inna ta sa baki. Da za ta roƙe ni, da na samu abin cewa. Da na yi mata bayanin dirakte da mai goro da cikin Saratu. Amma ba a amsa tambayar da ba a yi ba. Ƙarar taɓaryarta nake ji har cikin aji.

Asabar, 16 ga Maris, ƙarfe takwas na yamma

Yau an kama Gajere. Gajere direban tasi ne, abokin Ɗan Guguwa tun kashi na farko, shi kaɗai ya san waye a bayan ƙyallen. An ɗora masa satar da bai yi ba. A da, kafin in gama fassara kalmar "kurkuku" bango ya riga ya faɗi. Yau jarumin namu ya zauna a biro ya buga tarho. Aka ce masa ya jira. Ya jira! Har wasa ya ƙare yana shafa haɓa.

Na ce wa jama'a wannan ba namu ba ne, ɗan haya ne. Wata mata ta ce ai ya fi tsohon kyau. Na kusa zaginta. Na dawo gida ban ci tuwo ba, Saratu ta tambaye ni ko ciwo, na ce wasa ne suka lalata. Ta dube ni ta ce, "Wasa." Ta kwashe kwanon.

Lahadi, 17 ga Maris, da hantsi

Na rubuta wasiƙa zuwa ga masu tele a Yamai, shafi uku, da Faransanci mai tsabta. Na jera musu abubuwa bakwai da suka ɓata. Na ce mutum ba riga ba ne da za a cire a sa wata. Na ce jarumin da ke ba da dalili ba jarumi ba ne, tsohon bai taɓa ba da dalili ba. Na karanta sau biyu, ta yi kyau. Rabin safiya ta ci.

Wancan bayanin, na shaidar Rissa, layi huɗu ne. Ranar kaza, daga magariba zuwa isha, ina kallonsa a kan soro. Suna, sa hannu.

Talata, 19 ga Maris, ƙarfe shida na safe

Kwana tara.

Laraba, 20 ga Maris, bayan azahar

Na fita da niyyar zuwa. Na kai kwanar masu tireda, na ga motarsu a tsaye, sai ƙafata ta juya keken da kanta. Na tsinci kaina a gefen gari inda makiyayan da dabbobinsu suka ƙare suka kafa bukkokin tabarma. Wani dattijo yana sayar da igiyar raƙumi, ba raƙumin. Na tsaya ina taya ta kamar mai saye.

In na je za su tambaye ni ina na san shi. Shekara tara. Me muke faɗa a wajen shayi? Wa ke zuwa? Ya taɓa ba ni labarin can ƙetare? Ya ba ni. Ya taɓa zagin wani babba? Ni ne ma na fi shi zagi. In aka ja zare ɗaya rigar duka za ta warware.

Wataƙila wani ya riga ya je. Wataƙila limamin unguwarsu.

Alhamis, 21 ga Maris, da safe

Ba wanda ya je. Baba Alƙasum ya gaya mini ba tare da na tambaya ba.

Juma'a, 22 ga Maris, bayan masallaci

Ƙarya na rubuta ranar goma sha huɗu. Na gane shi.

Shekara tara ban taɓa ganin bakinsa ba. Ko shayi zai sha, ƙarƙashin amawali yake shigar da kofi. Su a wurinsu namiji ya buɗe baki a gaban mutane kamar ya tuɓe wando ne. Ranar nan kansa a aske, fuskarsa a fili, yana da gemu ɗan kaɗan da furfura, ban taɓa sani ba. Idon ne na gane. Ya gan ni. Ya saki gangar da hannu ɗaya ya rufe bakinsa. Ni kuma na sunkuyar da kai ina duba sarƙar keke, wadda ba abin da ya same ta.

Na yi ta gaya wa kaina don kada in kunyata shi ne na kau da ido. Ina jin kunyar kaina, kuma ina jin tsoro, tsoron ya fi yawa.

Asabar, 23 ga Maris, ƙarfe takwas da rabi na yamma

Na yi abin kunya a dandali.

Matar Gajere ta je biro ta samu Ɗan Guguwa. Ya tashi tsaye ya yi mata doguwar magana a kan me ya sa ba zai fasa kurkuku ba. Hoton na yayyafi, muryar na yankewa, rabi nake ji. Na saba cike gurbi, shekara huɗu ina yi ba wanda ya kama ni. Na fara da abin da ya faɗa: akwai doka, akwai lokacin da ya dace. Sai bakina ya zarce. Na ce, "Ki gane, baiwar Allah, ba ni kaɗai ba na. In nit tahi, wa ka ciyad da su? Baki goma sha ɗaya gare ni, ga matata wata bakwai."

Ban ji abin da na ce ba sai da na ga ba mai motsi.

Baba Alƙasum ya ce, a hankali, ba da ba'a ba, "Mushe, yaushe Ɗan Guguwa yay yi aure?"

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi sauƙi. Na tsaya a gefen tele har wasa ya ƙare ban ƙara kalma ba, mutum sittin suna kallon Bature yana motsa baki.

Lahadi, 24 ga Maris, da safe

Na gaya wa Saratu zan je. Na zaci za ta yi kuka ko ta hana. Ta ce, "Tun ran da Kadidiya taz zo nika jira ka hwaɗi haka." Na ce in ban dawo ba fa? Ta ce, "Mu sha kunu. Yanzu ma shi muka sha."

Yau Lahadi, babbansu ba ya zama.

Litinin, 25 ga Maris, da yamma

Mai duba lakwal ya zo daga ofis ba sanarwa. Ajina ya zauna har azahar. Ba yadda zan fita. Wannan gaskiya ce.

Da la'asar zan iya zuwa. Na ce bari sai da safe, mutane sun fi sauƙin kai da safe.

Talata, 26 ga Maris, ƙarfe goma sha ɗaya

Na rubuta layi huɗun, na sake rubutawa sau biyar. Rigata mai kyau tana da tabon tawada a aljihu, na ba Saratu ta wanke. Ba a zuwa irin wurin nan da tabo. Alhamis ce ranar. Gobe Laraba. Akwai kwana guda a tsakani.

Laraba, 27 ga Maris, bayan azahar

Na je.

Mai gadi ya karɓi takardar shaidata. Na zauna a benci daga ƙarfe takwas zuwa goma. Aka shigar da ni wurin wani mai igiya a kafaɗa. Ba shi da muguwar fuska, tari ma yake yi. Na faɗi layi huɗuna ba tare da na duba takarda ba. Bai tambaye ni shayi ba, bai tambaye ni wa ke zuwa rumfa ba. Duk tambayoyin da na yi mako uku ina amsawa a raina, ko ɗaya bai yi ba.

Ya ce, "Ashe kai ne."

Na ce ni ne wa?

Ya ce mutumin ya gaya musu tun ranar farko akwai wanda ya gan shi. Suka ce ya faɗi suna su aika a kira. Ya ƙi. Ya ce ma'aikaci ne, in aka aika masa mota har gida za a ɓata masa suna a wurin aiki, zai zo da ƙafarsa.

"Mun jira," in ji shi. "Mota ta zo da wuri. Jiya da asuba suka tafi."

Na ce ai Alhamis aka ce. Ya ce wa ya ce? Mota ba ta da Alhamis.

Ya karɓi bayanin duk da haka. Na sa hannu. Ya ce zai bi su in an samu mota mai zuwa can. Na ce yaushe? Ya ɗaga kafaɗa. Na ce can ina? Ya ce, "Mushe, ka gama naka." Da zan fita ya sa aka miƙo mini rawanin a naɗe, ya ce in na san iyalinsa in kai musu.

Minti goma duka abin ya ɗauka.

Alhamis, 28 ga Maris, da hantsi

Ta zo kamar kullum. Na bari ta gaisa da Inna, ta ɗauki taɓarya, sannan na fito da shi. Na gaya mata duka, har sa hannun da na yi, na ma maimaita sa hannun sau biyu. Ta jingina taɓaryar da bango ta karɓa da hannu biyu. Shunin ya ɗan taɓa mata tafi.

Na ce, "Kadidiya, don mi ba ki ce mini komi ba, dut kwanakin ga?"

"Shi yah hana. Suna hitad da shi yac ce, kak ki roƙi Mushe. Roƙo na wanda ba ka da tabbas da shi na."

Ta daɗe tana duban rawanin. Sai ta ce, ba ni take tambaya ba, "Cikin mutane haka. Da mi yaka ruhe bakinshi?"

Na ce, "Da hannu."

Ta ɗago. "Wa yag gaya maka?"

Saratu ta daina sheƙe dawa. Zan iya cewa ɗan ƙanen Baba Alƙasum ne, kalmar tana kan harshena.

Na ce, "Na gan shi. Ran goma sha huɗu ga wata."

"Shi ya gan ka?"

"Ya gan ni."

Ta gyaɗa kai. Ta sa rawanin a ƙarƙashin zanenta, ta yi wa Inna sallama, ta yi wa Saratu fatan sauka lafiya. Ni ma ta yi mini sallama, da sunana na gaskiya, Ma'azu, wanda ban taɓa ji a bakinta ba. Dawar na cikin turmi rabi a dake.